Ganyen shukar kuɗi ta ƙasar Sin yana rawaya yana zubewa: ruwa ne ko zafi?

UwarGida_Tarauni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masana shuke-shuken cikin ɗaki ku taimaka min. Shukar kuɗi ce ta ƙasar Sin, mai kewayayyen ganye, tsawonta bai wuce santimita 20 ba. Tana cikin robar fure mai faɗin santimita 22, cike da ƙasar lambu. A falo take, taku huɗu daga taga mai kallon yamma. Kullum da safe ana ba ta ruwa saboda zafin da ake yi a Kano yanzu. Ganyen ƙasa suna rawaya suna zubewa, na sama sun lanƙwashe, kuma a bayan ganyen akwai wasu fararen ɗigo masu ɗan tauri. Ƙishirwa ce ko cuta?

Dan_Fadama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a kai ga magani a tabbatar da shukar tukuna, don masu sayar da furanni na bakin titi shuka uku ko huɗu suke kira da wannan suna, kuma kulawarsu ba ɗaya ba ce. Ki juya ganye ɗaya ki duba inda sillensa ya kama shi. In a cikin faɗin ganyen ya kama, ba a bakinsa ba, kuma ta sama kina ganin ɗan ɗigo mai haske daidai wurin, to Pilea peperomioides ce. In mai yaɗo ce, ganyenta mai tsini da ratsin rawaya, wannan Epipremnum ce, tana jure duhu da ruwa fiye da Pilea, amma ganyenta na ƙona baki in yaro ko mage ta tauna. In kuwa ganyen ƙanana ne masu kauri da ruwa a ciki, Crassula ce.

UwarGida_Tarauni:
Na duba Malam. A cikin ganyen sillen ya kama, ɗigon ma yana nan.

MaiLambu_Jos:
To Pilea ce. Hajiya, ba ƙishirwa ke damunta ba, ruwa ne ya yi mata yawa, kuma abu uku ne suka taru a kanta. Na farko tukunyar ta yi girma. Shuka mai tsawon santimita 20 tukunya mai faɗin 12 zuwa 14 ta ishe ta. Saiwarta ba ta da yawa, ƙasar da ke gefe wadda saiwa ba ta kai ba sai ta riƙe ruwa kwana da kwanaki. Na biyu ƙasar lambu a cikin tukunya tana danƙarewa, iska ba ta ratsa ta. Na uku ban ruwan kullum. Saiwa na bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, in ta daɗe a jiƙe sai ta fara ruɓewa daga ƙananan jijiyoyi. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, shi ya sa ganye ke yaushi alhali ƙasa na jiƙe sharkaf, mai shuka ya ga yaushi ya ƙara ruwa, abu ya ƙara lalacewa.

Ki zare ta daga tukunyar yau. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, tana da ƙarfi. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana da laushi, in kin ja sai fatar ta sulluɓe ta bar siririn zare, wani lokaci da wari. Ki goge almakashi da sifirit ki yanke duk ruɓaɓɓen, ki karkaɗe tsohuwar ƙasar, ki bar saiwar ta sha iska a inuwa kamar awa ɗaya, sannan ki dasa a ƙaramar tukunya mai huji a gindi. Kada ki sa taki sai bayan sati huɗu zuwa shida.

YarMaradi:
Malam MaiLambu, daga Jos kake magana, mu kuma muna cikin Afrilu a inda ma'auni ke haura digiri 40. Ban ce ruwan bai yi yawa ba, amma kada a manta da zafi. Wannan shuka ta kan duwatsu ce, daɗinta tsakanin digiri 15 zuwa 25. Da ɗaki ya wuce 30 take fara nuna damuwa: gefen ganye ya naɗe sama, sabon ganye ya fito ƙarami, girma ya tsaya. Ga kuma tagar yamma, wadda ita ce mafi muni a ƙasarmu, don zafin la'asar ta nan yake shigowa. Ko an gyara ƙasa, in ɗakin na kaiwa 36 da rana ganyen zai ci gaba da zuba.

MaiLambu_Jos:
Gaskiyarki 'yar'uwa, zafi na ciki. Sai dai zafi da jiƙaƙƙiyar ƙasa in sun haɗu ruɓewa ta fi sauri, saboda haka maganar ta sake dawowa kan ruwa. Ga yadda ake rarrabewa: a duba shukar da asuba. In da asuba ganyen sun miƙe, da azahar su sunkuya, zafi ne, kada a ƙara ruwa. In da asuba ma a sunkuye suke kuma ƙasa na da danshi, saiwa ce ta lalace. In a sunkuye suke, ƙasa a bushe, tukunya ba nauyi, wannan ce ƙishirwa, kuma awa kaɗan bayan ban ruwa za su miƙe.

AntiFure:
Hajiya ki gaya mana, lanƙwasar ta wane gefe ce? Sama ko ƙasa?

UwarGida_Tarauni:
Anti, tsakiyar ganyen ce ta taso, gefen ya sunkuya ƙasa.

AntiFure:
To wannan ya fi zuwa da ƙarancin haske ko yawan ruwa, ko duka biyun. Naɗewar zafi da rana sama take yi, gefen ya tashi tsakiya ta lotsa. Taku huɗu daga taga ya yi nisa. Idon mutum na ganin falo da haske, amma abin da ke isa ganye a wannan nisan kaɗan ne ƙwarai, kuma shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa sosai, ƙasarta sai ta ƙi bushewa. Ki kai ta tagar gabas, tsakanin rabin mita da mita ɗaya daga gilashi. Hantsi har wajen ƙarfe tara ba ya cutar da ita. In dole sai tagar yamma, ki sa farin labule mara kauri tsakaninta da rana. Gwaji mai sauƙi: da tsakar rana ki ɗaga hannu a kan shukar. In inuwar hannun ta fito amma gefenta bai yi kaifi ba, hasken ya yi daidai. In babu inuwa sam, duhu ya yi yawa. Kuma duk sati ki juya tukunyar kashi ɗaya cikin huɗu, don ganyenta bin haske suke, in an bar ta sai ta karkace gefe guda.

Injiniya_Kd:
Ƙari kan maganar Anti. Shawarar da ake gani a intanet cewa tagar arewa ba ta samun rana, wannan na Turai ne da Amurka. Kano na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi, don haka tagar arewa na samun rana da safe da yamma a waɗannan watanni. A Disamba da Janairu kuma rana ta karkata kudu, tagar kudu ce ke shan ta kusan wuni guda. Wurin da ya yi wa shuka daidai da damina yana iya ƙona ta da hunturu. Alamar ƙunar rana tabo ne fari-fari ko ruwan ƙasa, busasshe, a ganyen da ke fuskantar taga kawai.

Gwaggo_Zazzau:
Ku kun tafi kan taga, ba wanda ya ba ta amsar fararen ɗigon nan. 'Yata, in ɗigon ƙanana ne, a warwatse a bayan ganye, kuma in kin goga da yatsa suna faɗuwa, ba cuta ba ce. Shukar ce ke fitar da gishirin da ke cikin ruwa ta ƙananan kafofin ganyenta. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa na ɗauke da shi. Ki goge da jiƙaƙƙen tsumma. Amma in farin abin ya taru a inda sille ya haɗu da kara, yana da laushi kamar auduga, ga danƙo a kan ganye, wannan ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka.

Dan_Fadama:
Haka ne Gwaggo. In ƙwaron ne: a ware shukar daga sauran, a jiƙa auduga da sifirit a taɓa kowane ɗaya, nan take yake mutuwa. Sannan a haɗa man darbejiya cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, da sabulun ruwa ɗigo huɗu ko biyar a lita ɗaya ta ruwa mai ɗan ɗumi, a girgiza a fesa sama da ƙasan ganye da yamma, ba cikin rana ba. A maimaita duk kwana bakwai har sau uku, don ƙwai ba ya mutuwa a feshin farko. Haɗin ba ya kwana, kowane feshi da sabon haɗinsa. A lokacin zafi irin wannan a fara gwadawa a ganye ɗaya a jira kwana biyu, mai na iya ƙona ganye.

YarMaradi:
Ga wanda bai gane darbejiya ba, dogon yaro ke nan. Maganar ruwa kuma, mutane na cewa a bar ruwa ya kwana a bokiti kafin a ba shuka. Wannan na rage warin kulorin na ruwan famfo ne kawai, gishirin ruwa ba ya tashi, yana nan. Ruwan sama ya fi komai. Bayan shi, ruwan da ke ɗiga daga bututun na'urar sanyaya ɗaki, shi ma kusan babu gishiri a cikinsa. In burtsatse kaɗai ake da shi, duk wata biyu a kai tukunyar waje a inuwa a kwarara mata ruwa mai yawa, kamar ninki uku na cikin tukunyar, ya wanke abin da ya taru ya fita ta huji.

SabonShiga22:
Ni tambayata daban. Da gaske ne in an ajiye ta a gida tana jawo arziki?

Malam_Tsirrai:
Camfi ne ɗana, arziki na Allah ne. Siffar ganyen, kewayayye kamar kwabo, ita ce ta jawo mata sunan. Tarihinta dai ya fi camfin daɗin ji. Asalinta kudu maso yammacin Sin, lardunan Yunnan da Sichuan, tana fitowa kan duwatsu masu inuwa da danshi a cikin daji, tsakanin mita 1,500 zuwa 3,000 sama da teku. George Forrest, ɗan Sikotilan mai tattara tsirrai, ya samo ta a tsaunukan Cangshan kusa da Dali a 1906, ya sake a 1910, sannan Bajamushe Friedrich Diels ya yi mata suna a 1912. Bayan haka masana suka kusan mancewa da ita. Wani ɗan mishan daga Norway, Agnar Espegren, shi ya kai ta ƙasarsu a 1946, ta riƙa yaɗuwa hannu zuwa hannu a gidajen ƙasashen arewacin Turai, maƙwabci ya cire ɗan tsiro ya ba maƙwabci, har masanan lambun Kew a Ingila suka gano ko wace ce, aka buga hotonta a mujallarsu a 1984.

Wannan asali shi ne ke raba gardamar MaiLambu da 'yar Maradi, ko ya nuna duk suna da gaskiya. Shukar da ke kan dutse ruwa wucewa yake ta saiwarta, ba ya kwanciya. Shukar da ke mita 2,000 kuma ba ta san zafin bazarar Kano ba.

BakuwarLandan:
Don masu zama ƙasashen sanyi: matsalarmu akasin taku ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu haske na raguwa, girma ya tsaya, ban ruwa ya koma sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14, taki kuma a dakatar gaba ɗaya. Kada a ɗora ta saman na'urar ɗumama ɗaki, kada kuma ganye ya jingina da gilashin taga da dare. Ƙasa da digiri 10 ba ta jin daɗi.

UwarGida_Tarauni:
Na zare ta. Kusan rabin saiwar baƙa ce kuma ta yi laushi, ƙasar ƙasan tukunya kamar taɓo. Ashe hujin ma ya toshe. Wace irin ƙasa zan haɗa?

MaiLambu_Jos:
Da gwangwani ɗaya za ki auna komai. Garin ɓawon kwakwa gwangwani biyu, a jiƙa a wanke shi tukuna don wani na zuwa da gishiri. Falait, farar tsakuwar nan mara nauyi da masu furanni ke sayarwa, gwangwani ɗaya. Ruɓaɓɓen taki wanda ya koma baƙi ba ya wari, a tankaɗe, gwangwani ɗaya. In babu falait, a maye shi da ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba, ko gawayi da aka farfasa girman ƙwayar masara aka wanke ƙurarsa. Gwajin haɗi: ki jiƙa ki dunƙula a hannu. In kin buɗe hannu ya wargaje da ɗan taɓawa, ya yi. In ya tsaya dunƙule yana sheƙi, a ƙara gawayi. Kada ki binne karan fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da.

Dan_Fadama:
A yi hattara da yashi. Mai laushi irin na filasta toshe iska yake ƙara yi. In za a sa, sai mai tsakuwa na rafi, a wanke. Toka kuma a bar ta, ɗanyen kashin kaji ma haka, ƙona saiwa yake. Sai wata al'ada da ya kamata a daina, ta zuba tsakuwa a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce. Ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa, sai ya tsaya a samanta, jiƙaƙƙen wurin ya matso kusa da saiwa. Ɗan guntun raga ko fasasshen kasko a kan huji ya wadatar.

Gwaggo_Zazzau:
Ki nemi tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ba. Tana tsatsafar da ruwa ta jikinta kamar randa, ƙasa ta bushe da wuri, saiwa kuma ta samu sanyi.

AntiFure:
Gwaggo, da bazara da damina na yarda. Amma da hunturu, iska a bushe, ƙaramar tukunyar ƙasa na iya bushewa ƙaf cikin kwana biyu. Wanda ba ya zama gida roba ta fi masa, muddin haɗin ƙasar na sakin ruwa. Ko ma wace ce, kada a yi wa ban ruwa ranaku. A tura yatsa santimita 2 zuwa 3. In a bushe, a zuba ruwa a hankali har ya fito ta huji, bayan minti 15 a zubar da na faranti. In da danshi, a bari sai gobe a sake dubawa. Ɗan yayyafin kullum shi ne mafi sharri: sama kullum a jiƙe, ƙananan baƙaƙen ƙudaje su samu wurin yin ƙwai.

Injiniya_Kd:
Kan zafi, ga dabara ga wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ko wuta ba ta tsayawa. Tsarin tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya zai yi aiki nan. A sa tukunyar shukar cikin babbar tukunyar ƙasa, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan na tashi ta jikin ta waje, ciki ya yi sanyi. Ya fi aiki a Maris da Afrilu da iska ke bushe, in damina ta kankama amfaninsa ya ragu.

MaiLambu_Jos:
Injiniya, da sharaɗi. In ta cikin ma ta ƙasa ce, za ta tsotsi ruwan yashin ta kai wa saiwa, an koma gidan jiya. Ta cikin ta zama roba, a ɗora ta kan ɗan dutse yadda hujinta ba zai taɓa jiƙaƙƙen yashi ba, ta wajen ma ta kasance da huji. Kuma saiwa kaɗai wannan ke sanyayawa, ganye na nan cikin zafin ɗaki.

YarMaradi:
Shi ya sa nake cewa a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, ɗakin da ba a sanyayawa, sai dai a yi ta lallaɓa ta har ruwa ya sauka. A sauke ta ƙasa kan daɓe a ɗaki mafi sanyi, nesa da bangon da rana ke duka, fanka na juya iska amma ba a kanta kai tsaye ba. Bakin na'urar sanyi ma haka, busar da gefen ganye yake. A daina taki a watannin nan, shukar da ta tsaya da girma ba ta cinsa, taruwa yake ya ƙona saiwa. Feshin ruwa a ganye kuwa minti kaɗan yake yi ya bushe, bai canza komai. Abin da ya fi shi amfani goge ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma duk sati, sama da ƙasa, don ƙura na tare haske, kuma busasshiyar iska ce ke kawo jajayen ƙwarin nan 'yan mitsi-mitsi masu saƙa a bayan ganye.

SabonShiga22:
Takin fa, nawa ake sawa in lokaci ya yi?

Dan_Fadama:
In na ruwa ne na kwalba, rabin abin da aka rubuta a jiki, sau ɗaya a wata. In NPK 15-15-15 na buhu ne, kwatan cokalin shayi a lita biyu ta ruwa, a bari ya jiƙu ya narke, a zuba a ƙasar da ke da danshi, ba busasshiya ba. Kada a barbaɗa ƙwayoyin a cikin tukunya yadda ake yi wa masara.

UwarGida_Tarauni:
Akwai 'yan tsiro biyu da suka fito daga ƙasa a gefenta. In cire su tunda uwar ba ta da lafiya?

AntiFure:
Wanda ya kai santimita 5 zuwa 7 da ganye huɗu ko fiye, cire shi, ko ba komai kin samu madadi in uwar ba ta tashi ba. Tunda kin riga kin zare ta, za ki ga zaren da ya haɗa shi da uwar. Ki yanka da sabuwar reza, ki bar masa santimita 1 zuwa 2 na zaren. In yana da saiwarsa, kai tsaye cikin tukunya mai faɗin santimita 6 zuwa 8. In babu, ki sa gindinsa a ɗan kofin ruwa, ganye kada ya taɓa ruwan, ki canza ruwa duk kwana biyu saboda zafi. Cikin sati ɗaya zuwa uku saiwa za ta fito, ta kai santimita 2 ko 3 ki dasa. Ƙaramin ki bar shi jikin uwar.

Malam_Tsirrai:
Ganye kaɗai da sillensa yana iya yin saiwa a ruwa amma da wuya ya ba da sabuwar shuka, sai an haɗo da ɗan yankin jikin kara. In kuma ruɓewar ta hau har gindin kara ya yi laushi, a yanke kan shukar a sama da wurin, inda cikin karan yake da tsabta, a bar santimita 6 zuwa 8, a cire ganyen ƙasa, a sa a ruwa. Hajiya ki matsa gindin karan da yatsa biyu ki ji.

UwarGida_Tarauni:
Karan da ƙarfinsa Malam, Alhamdu lillahi. Na dasa a tukunyar ƙasa mai faɗin 13, na kai ta tagar gabas.

MaiLambu_Jos:
Madalla. Ganye biyu ko uku za su ƙara zuba a satin nan, kada ki tsorata ki ƙara ruwa. Wanda ya riga ya yi rawaya ba ya komawa kore, wanda ya lanƙwashe ma sau da yawa haka zai zauna. Sabon ganyen da zai fito a tsakiya shi za ki sa wa ido: in ya fito a shimfiɗe, an dace.

YarMaradi:
In ya fito ƙarami gefensa a naɗe sama kuma, Malam, sai ka yarda zafi ne. Hajiya ki rataya ma'aunin zafi kusa da tagar, ki duba shi ƙarfe uku na rana kwana uku a jere ki kawo mana lambar. Gabas ɗin ma in rufin kwano ne ba silin, akwai sauran magana.